Yadda Ake Shirya Gudun Kilomita 21 a Jos: Horo, Awon Hanya da Guzurin Ciki

Duk wanda ya iya gudun kilomita 5 bai tsaya ba, zai iya kai wa kilomita 21 cikin wata huɗu, muddin ya yarda ya rage sauri. Wannan sharaɗin ne ya fi kayar da matasanmu. Yaron da ya taso yana buga ƙwallo a filin unguwa yana da ƙarfi, yana da zuciya, amma jikinsa ya saba da tsere na daƙiƙa goma sannan a huta. Sai ya fito titi ya zuba duk ƙarfinsa a kilomitar farko, kafin ta huɗu ya riƙe ƙugu yana haki, ya koma gida yana cewa shi ba a halicce shi don dogon gudu ba. Alhali dogon gudu lissafi ne na abu uku: saurin da jikinka zai iya riƙewa, hanyar da ka san tsawonta da hawanta, da abin da za ka sa a ciki kafin ƙarfi ya ƙare.

Mu a Jos Allah ya ba mu abin da wasu ke biyan kuɗi su je nema. Garin na zaune kusan mita 1,200 sama da matakin teku, don haka iskar oksijin da ke shiga huhu a numfashi ɗaya ta ragu da kusan kashi 13 cikin 100 idan aka gwada da Legas. Ba mu kai garin Iten na Kenya ba, mai mita 2,400, inda zakarun duniya ke zuwa horo, amma muna da sanyin safiya da hawa da gangara a ko'ina. Tun da aka fara gudun fanfalaki na Legas a 2016, 'yan Filato irin su Deborah Pam da Emmanuel Gyang sun sha fitowa a sahun gaba na 'yan gida, kuma Pankshin ta yi suna wajen fitar da masu dogon gudu. Baƙon da ya taso daga Kano ko Abuja kuwa, ya ba jikinsa sati ɗaya zuwa biyu kafin ya yanke wa kansa hukunci, domin haki a kwanakin farko na tudu ne.

Mataki na ɗaya: lafiya da takalmi

A auna maka jini. Idan kana da hawan jini, ciwon suga, asma ko ciwon zuciya, ko ka haura shekara 40 kuma ka daɗe ba ka motsa jiki ba, ka ga likita kafin ka fara. Ka san rukunin jininka na sikila. Mai AS yana iya gudu, amma haɗuwar tudu, ƙishirwa da matsa wa kai fiye da kima tana da haɗari a gare shi, don haka ya ƙara a hankali, kada ya bari ruwa ya ƙare masa. Mai SS sai da izinin likitansa. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kama, babu gudu sai ya gama shan magani, zazzaɓin ya sauka, ƙarfi ya dawo. Maganar wai a yi gudu zufa ta fitar da zazzaɓi ba ta da tushe, kuma tana iya taɓa zuciya.

Takalmi ba sai sabo ba. A kasuwar Katako ana samun na gwanjo masu kyau, sai dai a iya zaɓe. Ka je da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka riƙa gudu da ita. Ka juya takalmin ka duba ƙasansa: idan gefe ɗaya na diddige ya cinye, ƙafar wani ta riga ta karkatar da shi, ka ajiye. Ka danna farin soson da ke tsakiya da babban yatsa. Idan ya yi tauri ko ya cika da layukan tamoji, ya mutu komai kyan samansa. Ka sa, ka miƙe tsaye, ka tabbata akwai faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmin. Mai kaya zai ce, “Yallaɓai ai zai buɗe, kwana biyu kawai.” Ka ce masa, “Alhaji, ba ni lamba ta gaba dai.” Takalmin gudu da ya matse ba ya buɗewa kafin ya baƙanta maka farce. Sabon takalmi yakan yi kilomita 500 zuwa 800 kafin sosonsa ya mutu, na gwanjo kuwa ya riga ya ci wani abu daga ciki.

Mataki na biyu: ka nemo saurin hira

A nan duk aikin yake. Saurin hira shi ne wanda za ka iya yi wa abokin gudunka cikakkiyar magana, kamar “jiya na je Farin Gada tumatir ya yi tsada,” ba tare da ka yanke ta don jan numfashi ba. In sai kalma biyu-biyu take fita, ka wuce gona da iri, ka rage. In ragewar ta kai ka ga sassarfa, ka yi sassarfar. In hawa ya sha gabanka kuma maganar ta gagara, ka taka da ƙafa har ka kai sama. Ga yawancin masu farawa wannan saurin yakan faɗo tsakanin minti 6 da rabi zuwa minti 8 a kowace kilomita, kuma ba abin kunya ba ne ko da mai tura baro ya wuce ka.

Dalilin shi ne, a wannan saurin ne zuciya ke koyon tura jini mai yawa a bugu ɗaya, ƙananan hanyoyin jini ke ƙaruwa cikin tsoka, jiki kuma ke koyon ƙona kitse maimakon ya dogara ga sukari kaɗai. Manyan 'yan tsere ma kusan kashi 80 cikin 100 na gudunsu a irin wannan sauƙin suke yi. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: huhu da zuciya sun fi ƙashi da jijiya saurin sabawa. Bayan sati huɗu za ka ji numfashinka ya buɗe, ka ji za ka iya ninka tafiyar, alhali ƙwauri da agara da gwiwa ba su shirya ba tukuna. A daidai nan ne mutane ke jin ciwo.

Wanda bai kai ga kilomita 5 ba tukuna, ya ware sati shida zuwa takwas kafin ya shiga tsarin da ke tafe: gudun minti ɗaya, tafiyar minti biyu, sau goma, kwana uku a sati, yana ƙara gudun yana rage tafiyar.

Mataki na uku: tsarin sati 16

Kwana uku a sati sun isa, huɗu in jiki ya karɓa. Talata gudu mai sauƙi na minti 30 zuwa 40. Alhamis ranar ɗan matsawa. Asabar ko Lahadi dogon gudu. Kada ka jera ranar matsawa da ranar dogon gudu.

Dogon gudun zai tafi haka: wata na farko kilomita 6, 7, 8, sai ka sauko 6. Wata na biyu 9, 10, 11, sai 8. Wata na uku 12, 14, 15, sai 10. Wata na huɗu 16, 18, sai 12, sai ranar 21 ɗin. Satin saukowar nan na huɗu kada ka tsallake shi don kana jin ƙarfi. A lokacin hutu ne jiki ke gina abin da gudu ya nema daga gare shi. Jimillar gudun sati kuma kada ta riƙa ƙaruwa da fiye da kusan kashi 10 cikin 100 a kan mafi yawan da ka taɓa yi a sati ɗaya.

Ranar Alhamis, tunda tudu ba ya mana wuya, ka yi amfani da shi. Bayan minti 15 na gudu mai sauƙi, ka sami hawa matsakaici, ka hau shi da ƙarfi na daƙiƙa 45, ka sauko da tafiya, sau huɗu a farko, ka kai takwas daga baya. Gangara ta fi hawa cin gwiwa da cinya, don haka in kana saukowa ka gajarta taku, kada ka riƙa jefa ƙafa can gaba kana dira da diddige. Sau biyu a sati ka ƙara minti goma a tsakar gida: tsuguno da miƙewa sau 15, ɗaga diddige a bakin dakali sau 20 don sha-raɓa da agara, a maimaita sau uku.

Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu a duka ƙafafu ba komai ba ne. Ciwon da ya tsaya wuri guda a kan ƙashi, wanda za ka iya nunawa da yatsa ɗaya, ko wanda ke sa ka ɗingishi, wannan a tsaya ne a je asibiti.

Mataki na huɗu: auna hanya da bin sawunta

Kafin ka taka hanya, ka aune ta daga gida. A Google Maps, ka danna wurin farawa ka riƙe har alama ta fito, ka zaɓi awon nisa, ka riƙa sa ɗigo a kowace kwana har ka dawo. Ka fi son hanya mai zagaye ta kilomita 4 zuwa 6 da za ka maimaita, a kan miƙaƙƙiya mai nisa. Da zagaye za ka iya ajiye ruwa wurin mai shago ko mai shayin da ka sani, kuma in ƙafa ta ƙi, ba ka yi nisa da gida ba. In kuwa je-ka-ka-dawo za ka yi, ka fara da hawa ka dawo da gangara.

Hanyar Lamingo da ke nufar dam da duwatsun Shere tana da hawa mai gina ƙafa, ga iska mai kyau. Titunan Rayfield sun fi shimfiɗa, motoci kuma ba su cika yawa da sassafe ba, sai dai a kula da karnukan gidaje, kuma a nisanci bakin tsofaffin kududdufan kuza, musamman da damina da ƙasa ke zaftarewa. Babban titin Jos zuwa Bukuru da kewayen Terminus da Farin Gada, da zarar gari ya waye hayaƙi da keke da manyan motoci sun cika su, ba wurin dogon gudu ba ne. Inda ka sami burji mai laushi, ka haɗa shi da kwalta, gwiwa za ta gode maka. A titi ka bi gefen hagu, kana fuskantar motocin da ke tahowa, kuma in kana sauraron wani abu a waya, kunne ɗaya ya zauna a buɗe.

Sai manhajar bin sawu, irin su Strava ko Nike Run Club. Wayarka daga tauraron ɗan'adam take karɓar wurin da kake, wannan ba ya cin data. Datar sai wajen buɗe taswira da ɗora gudun bayan an gama. Matsalar da ta fi yawa ita ce mutum ya yi kilomita 12 ya duba ya ga 7, da miƙaƙƙen layi ya ratsa ta kan gidajen mutane. Wayar ce ta kashe manhajar don tattalin batir lokacin da allo ya mutu, kuma wayoyin Android da yawa haka suke zuwa. Ka shiga saitin batir ka cire manhajar daga jerin waɗanda ake takurawa, ka ba ta izinin ganin ainihin wurin da kake, ka kashe yanayin tattalin caji kafin ka fita. In ka fito ƙofar gida, ka tsaya a fili minti ɗaya har alamar tauraron ɗan'adam ta kama sosai kafin ka danna farawa. Wayar ta zauna a jakar ƙugu ko ta damtse, kada ta yi ta lilo a aljihun wando.

Kada ka riƙa kallon saurin da take nunawa a kowace daƙiƙa, yana tsalle-tsalle, balle kusa da duwatsu ko ƙarƙashin itatuwa. Ka dubi lokacin kowace kilomita in ta cika. Kuskuren kashi 1 zuwa 2 cikin 100 a tsawon hanya abu ne da aka saba. A filin wasa mai layin gudu, zagaye ɗaya a layin ciki mita 400 ne. In waya ta faɗi wani abu daban, filin ne ke da gaskiya. Ka riƙa duba jimillar hawan da ka yi, domin kilomita 10 a Lamingo da kilomita 10 a shimfiɗaɗɗen titi ba aiki ɗaya ba ne, kuma bai kamata ka gwada lokutansu ba.

Akwai maganar tsaro, kuma a garinmu ba a wasa da ita. Manhajar nan tana nuna wa duk mai bibiyarka ƙofar gidanka da lokacin da kake fita kullum. Ka shiga saitin sirri ka ɓoye farkon hanya da ƙarshenta, ka taƙaita masu gani ga waɗanda ka sani. 'Yan'uwa mata, wannan ya fi shafar ku, kuma ku fita cikin rukuni. Kafin dogon gudu ka tura wa wani na gida wurinka kai tsaye ta WhatsApp. Akwai zaɓin awa ɗaya da na awa takwas, ka ɗauki na takwas in gudun zai wuce awa. Ka riƙe katin shaida da kuɗin keke. Bayan sallar Asuba ka jira gari ya fara haske, domin mai gudu cikin duhu a unguwar da ba a san shi ba yana jawo zargi. In ka iso wurin 'yan banga ko jami'an tsaro ka rage sauri ka yi sallama. Ranar da aka kwana da zaman ɗar-ɗar a gari, ka yi atisayenka a gida.

Mataki na biyar: guzurin ciki

Jiki na da makamashi iri biyu. Kitse kamar gungumen icce yake, yana daɗewa yana ci amma wutarsa a hankali take. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta kuwa karan dawa ne, yana kamawa nan take ya cinye da wuri. Wannan ajiyar ba ta wuce giram 400 zuwa 500 ba, kuma in ana gudu da ɗan ƙarfi takan yi ƙasa cikin minti 90 zuwa awa biyu. Gudu na cin kusan kalori ɗaya a kowane kilo na nauyinka a kowace kilomita, wato mai kilo 65 zai ƙona wajen kalori 1,300 a kilomita 20. Idan ajiyar ta ƙare, ƙafa ta yi nauyi, kai ya yi fayau, rai ya ɓaci ba dalili. Masu gudun kilomita 42 sukan gamu da wannan wajen kilomita ta 30 zuwa 35, amma wanda ya fita da cikin wofi yana iya gamuwa da shi tun a ta 14.

Shiri daga daren jiya yake farawa. Ka ci tuwon shinkafa, acca, taliya ko dankalin Turawa, wanda Bokkos da Mangu suka wadata mu da shi. Ka rage yaji da mai, ka bar wake da kabeji sai bayan gudu. Da safe, awa ɗaya zuwa biyu kafin fita, kofin koko ko shayi da burodi yanka biyu, ko ayaba ɗaya in lokaci ya ƙure. Ƙosai da masa mai mai su jira ka dawo.

Gudun da bai kai awa ɗaya ba ba ya buƙatar komai sai ruwa. Wanda zai wuce minti 75 zuwa 90, ka nemi giram 30 zuwa 60 na sukari a kowace awa, kuma ka fara ci tun a minti na 40, kafin yunwa ta zo. Ba sai ka sayi 'yan ledojin sukarin masu gudu na ƙasar waje masu tsada ba. Ƙaramin dabino ɗaya na da giram 5 zuwa 6, ayaba matsakaiciya wajen 25, babban cokali na zuma wajen 17. Tun da dare ka ɗauki dabino goma sha biyu, ka cire ƙwallayen, in busasshe ne sosai ka yayyafa masa ruwa ya kwana ya yi laushi, ka raba uku-uku a ƙananan ledoji, ka ƙulla sako-sako yadda haƙori zai buɗe. Duk minti 25 zuwa 30 ka ci ƙulli ɗaya, ka tauna sosai, ka bi da kurɓi uku na ruwa. Busasshen dabino a busasshen maƙogwaro lokacin hunturu yana sa tari, shi ya sa jiƙawar ke da amfani. Zuma kuwa a ɗura cokali ɗaya a kusurwar leda a ƙulle, a ciji bakin a tsotse. Ledar ka mayar aljihu, kada ka yar a titi.

Ruwa, yawancin mutane rabin lita zuwa kashi uku cikin huɗu na lita a awa ya ishe su, wato ledar ruwa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ana kurɓa kaɗan-kaɗan. In kana son sanin naka, ka hau sikeli kafin gudun awa ɗaya, ka sake hawa bayan ka cire jiƙaƙƙun kaya. Kowane kilo da ya ragu lita ɗaya ce ta zufa, sai ka haɗa da abin da ka sha a hanya. Ragin da ya wuce kashi 2 cikin 100 na nauyinka yana rage ƙarfi. Sanyin Jos na yaudara a nan, musamman a Disamba da Janairu: busasshiyar iska na shanye zufar kafin ka gan ta, sai ka ɗauka ba ka yi gumi ba. Ɗura ruwa fiye da kima shi ma haɗari ne, yana tsinka gishirin jini har ya kai ga ruɗewa. In gudun zai kai awa biyu, ka zuba babban cokali biyu na sukari ko zuma da ɗan gishiri tsakanin yatsu biyu a gorar rabin lita.

Abin da nake roƙon matasa su bari shi ne shan maganin kashe ciwo kafin gudu. Ibuprofen da diclofenac in suka haɗu da ƙarancin ruwa suna iya taɓa ƙoda, kuma suna rufe ciwon da ya kamata ya tsayar da kai. Tramadol kuwa ba shi da wuri a wannan harka ko kaɗan. Lemon ƙara kuzari na gwangwani ma yana sa bugun zuciya ya hau, ciki ya murɗa.

In ka dawo, cikin awa ɗaya ka ci abin da ya haɗa sitaci da mai gina jiki: fura da nono, dankali da ƙwai uku, shinkafa da wake, ko gwate da ɗan nama. Ka ci gaba da shan ruwa har fitsari ya yi haske.

Yanayi da azumi

Da hunturu ka sa riga biyu marasa nauyi maimakon rigar sanyi ɗaya mai kauri, da hula, ka shafa basilin a leɓe da hammata da tsakanin cinyoyi. Ranar da ƙura ta rufe duwatsu, mai asma ya haƙura. Da damina ruwa ba ya hana gudu, amma tsawa da ƙanƙara suna hanawa; in hadari ya haɗo da walƙiya, ka sauka daga kan tudu ka nemi gini.

Da azumi a rage. Gudun minti 30 mai sauƙi dab da magariba, yadda za ka gama a sha ruwa, ko kuma bayan asham a wuri mai haske tare da jama'a. Kada a yi dogon gudu da safe da bakin azumi. In watan ya faɗo tsakiyar tsarinka, ka riƙe inda kake, bayan Sallah ka koma baya sati biyu ka ci gaba.

Mataki na shida: ranar 21 ɗin

Cikakken tsawonta kilomita 21 da kusan mita 100 ne, rabin gudun fanfalaki mai kilomita 42.195. A minti 7 kowace kilomita za ka gama cikin awa 2 da minti 28. A minti 6 da rabi, awa 2 da minti 17. Sati biyun ƙarshe ka rage gudu, ka ƙara barci. Ba a fafe gora ranar tafiya: takalmi, safa, karin kumallo da dabinon duk su zama waɗanda ka riga ka gwada a gudun kilomita 16 da 18. In a Abuja ko Legas za ka yi, numfashi zai yi maka sauƙi amma zafi zai karɓi nasa, don haka ka ƙara daƙiƙa 15 zuwa 20 a kan kowace kilomita, ka sha ruwa tun daga tashar farko.

Kilomita biyar na farko ka yi su ƙasa da saurin da kake jin za ka iya, ko da kowa na wuce ka. Daga ta 6 zuwa ta 16 ka riƙe saurinka, kana cin ƙullinka a kan lokaci. In ka kai ta 16 da sauran ƙarfi, sai ka saki ƙafa. In jiri ya zo, ko ciwon ƙirji, ko ka ji sanyi na ratsa ka cikin rana, ko tunaninka ya fara rikicewa, ka tsaya a inuwa ka nemi taimako nan take. Bayan ka gama kada ka zube a ƙasa, ka yi tafiyar minti goma tukuna. Kwana uku zuwa huɗu na gaba babu gudu sai tafiya, sannan ka dawo da minti 20 a saurin hira, kuma kada ka sake yin mai tsawo sai bayan sati biyu.